Daren Ƙidayar Ƙuri'a a Roubaix

Gaëtan, zauna, miyar ba ta huce ba.
Na ga takardar da ka liƙa a bayan ƙofa,
mai hoton mutumin nan mai fararen haƙora.
Ban yage ta ba. Zauna dai.

Shekara talatin da ɗaya na yi a masaƙar ulu,
ginin da yanzu kake jera kwalaye a cikinsa da dare,
wata na'ura a wuyan hannunka tana ƙirga takunka,
tana kai ƙararka idan ka daɗe a bayi.
A zamaninmu mai tsaron aiki mutum ne,
yana da suna, yana da ciwon baya, ana iya zaginsa.
Kai wa za ka zaga?
Shi ya sa suka nemo maka wanda za ka zaga.

Messaoud ne a injin da ke kusa da nawa.
Daga duwatsun Aljeriya ya zo da akwati ɗaya.
Ƙurar ulun da ta cinye min huhun hagu
ba ta tambaye shi takardar zama ba kafin ta ci nasa.
Da muka yi yajin aiki, mako bakwai ba ko sisi,
Zoulikha matarsa ta ɗora tukunya ɗaya,
gida tara muka ci daga cikinta,
uwarka na rarrafe a ƙarƙashin teburinsu.

Yau jikansa Yanis na layi ɗaya da kai,
shi ma da na'urarsa, shi ma da ciwon gwiwarsa,
an ce maka shi ya ɗauke maka rabo.
Ni na ga ranar da rabon ya tafi.
Ba a kwale-kwalen roba ya tafi ba, ba da dare ba.
Da rana tsaka aka kwance injina,
manyan motoci goma sha huɗu, takardu cif,
'yan sanda na buɗe musu hanya.
Kuɗi bai taɓa tsayawa layin biza ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
yanzu gardin ya ɗauko sabuwar waƙa:
wai waccan kurar ce ta sa kake jin zafi.

A rediyo na ji ba mu kaɗai ba ne.
Ƙasa bayan ƙasa, tuta daban, harshe daban,
amma duk wanda ya hau mumbari yana nuna baƙo da yatsa,
leƙa bayansa ka ga wa ya biya kuɗin lasifikar.

To, ba zan wanke namu ba.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
kuma mu muka ga tsagar muka kau da kai.
Ofishin ƙungiyarmu ya zama shagon waya.
Waɗanda muka zaɓa suka koyi maganar banki,
suka riƙa zuwa mana shekara biyar sau ɗaya,
suna gaishe mu da safar hannu.
Da aka rufe asibitin haihuwa ba su zo ba.
Su waɗancan suka zo, da kofi a butar roba,
suka tambaye ka sunanka.
Wannan ne yake hana ni barci, ba takardarka ba.

Ga shi an fara faɗin sakamako. Rage muryar.
Ko wa ya ci, ƙarfe biyar za ka tashi.

Gobe idan an ba ku hutun minti goma,
kada ka yi masa maganar tuta ko ta addini.
Ka tambayi Yanis nawa ake biyansa a awa.
Ka faɗa masa naka.
Daga nan muka fara, ni da kakansa,
a bakin famfo, muna wanke baƙin mai daga farce.

Ci miyarka. Akwai saura a tukunya,
ka tafi masa da ita.